Ƙashi Na Goma Sha Uku

Ku matso, ku kashe rediyon nan. Ba tatsuniya zan yi muku ba. An cuce ni, kuma ina so ku zama shaidu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilmin jikin ɗan Adam a sakandare. Duk wanda ya zauna ajin Malam Haladu ya san cewa daga ƙasan wuya zuwa inda haƙarƙari ya ƙare, ƙasusuwan baya goma sha biyu ne, kowanne riƙe da haƙarƙari dama da hagu. Wanda ya ce sha ɗaya ya sha bulala.

Bara ciwo ya kama ni tsakanin kafaɗu. Likita Bara'atu, tsohuwar ɗalibata, ta rubuta a ɗauki hoton wurin. Na je asibiti ranar Juma'a, rana tsaka, ni kaɗai. Mutane sun fara tafiya masallaci, na ce bari in yi sauri in same su.

Baranda ba kowa. Ƙofar ɗakin hoto a buɗe. Wani dogo cikin farar riga yana tsaye a gabana. Na yi sallama, bai amsa ba.

"Tuɓe riga. Fuskanci allon."

Bakinsa bai motsa ba. Muryar daga bayana ta fito, dab da kunnena. Ya zagayo. Akwai yashi a simintin, amma ban ji takunsa ba.

"Ja numfashi. Riƙe. Kada ka yi magana."

Ya ɗora yatsa a ƙasan wuyana. Sanyi kamar gindin randa. Ya fara gangarowa yana ƙirgawa a hankali.

"Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku."

Na saki numfashin. "Sha biyu ne! Wa ya koyar da kai?"

"Malam, sha uku na taɓa."

"Sha biyu, na ce. Daƙiƙi kawai. Gyara!"

Muryar ta ce, "Malam ya ce a gyara?"

"Yanzu-yanzu."

Na ji ƙas, kamar an karya kara. Ba zafi. Da na juya, ba kowa. Hoton yana kan tebur, da ɗumi. Na zura rigata, sai na ga ta sauka ƙasa da inda ta saba tsayawa.

Ranar Litinin Bara'atu ta ɗaga hoton a hasken taga, ta ƙirga.

"Sha biyu cif, Malam. Amma wa ya ɗaukar maka? Na'urar ɗakin nan ta mutu tun azumi. A sabon gini ake yi yanzu."

Na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka nemo tsohon hoton ƙirjina na lokacin da na yi fama da tari. Ta bi shi da bakin biro sau biyu, sannan ta ajiye biron.

"Malam, akwai waɗanda ake haifa da sha uku. Ba su da yawa. Kana cikinsu."

"Babu wannan a littafin da na koyar."

"Babu a na sakandare, Malam."

Kun ji. Shekara sittin da bakwai ina yawo da ƙashina, Allah ne Ya ba ni, wani ya zare shi har da haƙarƙarinsa biyu a tsaye. Ciwon ya tafi, ban musa ba. To na roƙe shi? Hoto na je ɗauka!

Na rubuta wa hukumar asibitin, na ce su nemo ma'aikacin, ko mutum ne ko me, ya maido mini abina. Suka amsa da layi biyu: sha biyu ne ƙa'ida, babu abin da ya ɓata. Wanda ya sa hannu ma ɗalibina ne.

Sai na koma da kaina wata Juma'ar. Ƙofar da sarƙa da kwaɗo. Na buga da sandata, na ce, "Fito, ɓarawo! Ƙashina nake so!"

Sanyin nan ya sauka a ƙasan wuyana.

"Malam," in ji muryar, "a sake gyarawa?"

Bakina cike da magana. Na haɗiye ta. Na bi barandar a hankali, yatsan yana bina har bakin ƙofar fita.

Kada ɗayanku ya shiga wannan baranda shi kaɗai. In kuwa tsautsayi ya kai ku, aka fara ƙirga bayanku, ku bar shi ya ƙirga abin da ya taɓa.