Jar Rigar Mudassir

"Ki kalla da kyau, kada gobe ki ce sharri na yi masa."

Rahinatu ce ta faɗi haka, ta tura wayarta har kusa da hancin Afra. A ƙofar ɗakin lacca suke tsaye, ɗalibai na wucewa ta gefensu.

Afra ba ta son karɓar komai daga hannun Rahinatu. 'Yar kawun Mudassir ce, a gidansu take zaune tun da ta samu jami'a a Wudil, kuma kowa ya san ita Hajiyar Mudassir take so ya aura. Duk da haka ta kalla.

Gajeren bidiyo ne, an ɗauke shi ta bayan kafaɗa. Mudassir na kishingiɗe a tsakar gidansu da na'urar gem a hannu. A jikin allon, ɗan mutumin da yake wasa da shi na yawo a harabar makarantar dodanni.

Sanye da jar riga.

"Kin gane rigar, ko in yi miki bayani?"

Afra ta gane ta. Ba a sayen jar riga a cikin wasan, ba a kuma tsintar ta. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe kaɗai ake ba.

"Tun kafin azumi ya ci," in ji Rahinatu. "Shi da wani baƙo ta intanet, a gwajin farko. Ihun da ya yi har sai da Hajiya ta fito daga ɗaki. In zai zo wurinki sai ya cire ta, ya mayar da rigar 'yan makaranta. Wani lokacin ma ni nake tuna masa."

"Ki turo min."

"Au, shi ke nan? Ba za ki yi kuka ba?"

"Na ce ki turo min."

*

Mudassir mai haɗa wutar sola ne, shagonsa na kusa da gada. Ranar da ya fara zuwa zance gidan Malam Gwadabe, mahaifin Afra, a Sabon Gari, shi da Afra suka rasa abin faɗa. A zuwa na gaba sai ya zo da na'urorin gem guda biyu, 'yan gwanjo, ya miƙa mata ɗaya a cikin ledar toshi tare da turare da atamfa.

Wasan na kama dodanni ne. Mutum ya shiga daji ya kamo su, ya raine su, ya horar da su, su yi masa faɗa. Afra ta fara da wani ɗan dodo mai kama da bushiya, wuta na fita daga ƙayoyinsa. Ta sa masa suna Tartsatsi. Na Mudassir ƙaton kunkurun ruwa ne, Maikano.

Daga baya masu wasan suka fitar da ƙari: makarantar kwana a kan wani tsauni, da azuzuwa da malamai da ɗakin cin abinci. Ɗalibi ya yi aji bayan aji, sannan ya fuskanci Shugabar makaranta, wata tsohuwa mai dodon ƙanƙara. Wannan jarrabawar ba a shigarta sai mutum biyu. Wanda ya riga ya ci yana iya komawa ya taya wani.

Ranar da suka yi rajista a makarantar ne Mudassir ya ce:

"Gimbiyata, ki rubuta ki ajiye. Ranar da muka gama makarantar nan, washegari Kawu Labaran zai zo gaban Abba neman aurenki."

Ta yi dariya a lokacin. Amma ta riƙe maganar.

Sun gama azuzuwan kafin watan ya ƙare. Jarrabawar ce ta gagara. Tsarinta a fili yake: Tartsatsi ne kaɗai zai iya narkar da dodon ƙanƙara, amma ba ya jure bugu. Dole Maikano ya ɗaga masa garkuwa daidai lokacin da dodon ya buɗe baki. Duk Asabar suke gwadawa, duk Asabar Tartsatsi ke faɗuwa. Duk Asabar kuma Afra ke cewa:

"Ka yi haƙuri, ni ce ban horar da shi sosai ba."

Shi kuma ya ce, "Ba komai, Zumata. Sati mai zuwa."

*

Da Afra ta koma gida daga lacca, ta tarar da Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinta, tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Gwaggo, sannu da gida."

"Yawwa, 'yar boko. Zo nan, Abbanki ya bar miki saƙo kafin ya tafi sakatariya."

Afra ta durƙusa.

"Ya ce yaron nan ya daɗe yana goge mana tabarmar zaure. Mutanen unguwa sun fara tambaya a masallaci. Zance ba hira, ba magana, manya biyu sun duƙufa a kan abin wasan yara kamar masu duba. Ya ce gobe Asabar, in bai faɗi ranar da magabatansa za su zo ba, kada ya ƙara ganin babur ɗinsa a ƙofar gidan nan."

"To, Gwaggo."

Gwaggo ta ɗago kai.

"To? Yau babu 'saura kaɗan'?"

Afra ta sha faɗa wa Abba saura kaɗan. Ba ta taɓa iya gaya masa cewa kaɗan ɗin wata tsohuwa ce a cikin gem ba.

"Babu," ta ce. "Amma ina so gobe ki zauna da mu a zaure."

*

Washegari Mudassir ya zo bayan la'asar, da soyayyen kifin bakin gada a ƙunshe cikin takarda. Ganin Gwaggo a kan kujera ya sa ya zube ƙasa.

"Gwaggo, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, Mudassiru. Ya Hajiyar taka? Ya aiki?"

"Alhamdulillahi, tana gaishe ku."

"Muna amsawa."

Ya juya ga Afra da murmushi.

"Gimbiyata, yau fuskar babu fara'a. Wa ya taɓa min ke?"

"Kunna mu shiga."

Suka shiga. Ɗalibai biyu cikin shuɗiyar rigar makaranta suka hau matattakalar ɗakin jarrabawa. Shugaba ta saki dodonta. Afra ta tura Tartsatsi gaba, amma yau ba allon take kallo ba.

Babban yatsan Mudassir take kallo.

Dodon ƙanƙara ya buɗe baki. Yatsan ya sauka a kan maɓallin garkuwa, ya tsaya a kai bai danna ba. Ƙanƙara ta rufe Tartsatsi. Sannan ya danna.

"Kash!" Ya dafe kai. "Wallahi tsohuwar nan muguwa ce! Saura ƙiris fa, Zumata. Kada ki damu, sati mai..."

"Buɗe akwatin tufafinka."

"Na'am?"

"Akwatin tufafin ɗan mutuminka. Buɗe in gani."

"Haba, me za ki gani a ciki? Tarkace ne kawai..."

Ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninsu, ta kunna bidiyon. Ya kalla har ƙarshe. Bai ɗago ba.

"Rahinatu ce ko?"

"Wannan ce tambayarka?"

"Afra, ki saurare ni..."

"Ina ganin yatsanka, Mudassir! Yanzun nan! Ka ɗora shi a kai, ka jira har ya mutu!"

"Ki rage murya, don Allah, Gwaggo na..."

"Don ta ji na kira ta!"

Gwaggo ta kalle su. Ta gyara mayafinta kawai.

"Ka san sau nawa na ba ka haƙuri a kan tabarmar nan?" Muryar Afra ta koma ƙasa, amma ba ta yi sanyi ba. "Na canja wa Tartsatsi abinci. Na mayar da shi aji ɗaya ya sake horo. Ana lacca ina lissafin inda nake kuskure. Na ɗauka ni ce nake jinkirta aurenmu. Kana kallona ina cewa ka yi haƙuri, kana cewa ba komai!"

"Wallahi ina son ki. Allah ne shaidata."

"Ban tambaye ka ba."

Ya shiga murza gefen na'urar.

"Na yi wa Hajiya maganar," ya ce. "Tun muna aji biyu a wasan. Ta ce ga 'yar ɗan'uwanta a gida, ba za ta tura kowa ko'ina ba. Kawu Labaran kuma ya ce ba zai taka ƙafa ba sai da yardarta. Na ga in muka ci, za ki tambaye ni, ni kuma ba ni da amsa. In muka faɗi kuwa... ina da wani satin. In zo in gan ki."

"Wato ka rasa bakin yi wa Hajiya magana, ka rasa bakin gaya min gaskiya, sai ka samu ɗan dodona ka riƙa kashewa."

"Wasa ne fa, Afra..."

"Kai ka ɗaura aure a jikinsa, ba ni ba!"

Wani mai kurar ruwa ya wuce ta ƙofar gida yana talla. Babu wanda ya motsa a zauren.

"Saka rigar," ta ce.

"Gimbiya..."

"Saka jar rigar. Mu shiga. Ka yi wasa yadda ka yi da baƙon intanet."

Ya buɗe akwatin. Tana can ƙasa, a bayan huluna da takalma. Ya saka wa ɗan mutuminsa.

Suka sake hawa matattakalar, ɗaya da shuɗi, ɗaya da ja. Dodon ya buɗe baki, garkuwar Maikano ta tashi kafin ƙanƙarar ta iso. Tartsatsi ya fito ta ƙarƙashinta da wuta a bayansa. Dodon ya sake buɗe baki, garkuwa ta sake tashi. Ba a je ko'ina ba dodon ya narke ya zama ruwa a tsakar ɗakin.

Afra ba ta canja komai ba daga yadda take yi duk Asabar.

Shugaba ta sunkuyar da kai. Ƙararrawar makaranta ta buga, ɗalibai suka cika harabar suna tafi, aka yafa wa 'yar mutumin Afra jar riga. Kiɗan ya cika zauren har Gwaggo ta leƙo.

"An gama ke nan?"

"An gama, Gwaggo."

Afra ta kashe sautin, ta dubi Mudassir.

"Mun gama makaranta. Gobe Lahadi. Da safe Kawu Labaran zai zo ko da yamma? Abba na jiran amsa."

Ya ajiye na'urar a kan tabarma.

"Rabin raina... ki ƙara min lokaci kaɗan. Bayan babbar sallah Hajiya za ta sauko, na san halinta. In kika ce wa Abba..."

"Da safe ko da yamma?"

"Afra, ba zan iya sa rana yau ba."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta tashi ta shiga gida. Ba ta daɗe ba ta fito da jaka: atamfar da ba a ɗinka ba, kwalaben turare, agogo, takalmi a kwalinsa. Ta naɗe cajar, ta goge allon na'urar da gefen hijabinta, ta kashe ta, ta ɗora a sama. Ta ajiye jakar a gaban Gwaggo.

Mudassir ya miƙe.

"A'a! Don girman Allah, Gwaggo, ki sa baki! To ku ba ni jakar in tafi da ita, mu yi magana daga baya..."

"Ba a hannunka za a mayar ba, Mudassiru," in ji Gwaggo. "Kayan toshi gidan su yaro ake kaiwa. Gobe da hantsi zan kai wa Hajiya da kaina, ta duba ta ga babu abin da muka rage."

Ya san ma'anar hakan. In jakar ta shiga gidansu da rana, babu sauran zance.

"To na'urar dai ki riƙe," ya ce wa Afra. "Dodanninki duk suna ciki! Tartsatsi fa? Tun yana ƙarami kike rainonsa. Kyauta na ba ki, ban ce a dawo da ita ba!"

"Ba a tsame abu ɗaya a cikin toshi," in ji Gwaggo. "Wanda ya riƙe ɗaya, bai sallami mai shi ba."

Afra ta kalli jakar. A nan ne kaɗai idonta ya kawo ruwa, ta kuma mayar da shi kafin ya zubo.

"Zumata..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan a zauren Abba."

Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"In Hajiya ta ba Rahinatu na'urar, ka gaya mata kada ta wahalar da Tartsatsi da horo. Babu abin da ke damunsa."

Gwaggo Hansai ta ja zif ɗin jakar.