Juyi Ɗaya Tsakaninmu

Kun san Auta. Kun sha shiga gidansu dubiya, ku ce mata "sannu, Allah ya ba da lada," ku kawar da kai daga akwatin da ke ɗaure a bayan ƙofa, ku fice.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, likita ya ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kada bayansa ya yi gyambo. Auta ce ke juyin. Mijinta kuwa aiki ya kai shi wata ƙasa ba a jima da bikinsu ba, kuma tafiyar jirgi daga nan zuwa can awa biyun ce.

"Kin gani, Autata? Juyi ɗaya ne tsakaninmu," ya taɓa ce mata a waya yana dariya.

Yau babu dariya a muryarsa.

"Da la'asar jirgin zai tashi. Kin shirya?"

"Na shirya... Yaya ya rantse zai zo ya karɓe ni."

"Haka ya rantse wancan karon."

"Don Allah, masoyi..."

"Ba faɗa nake ba. Kin san ina son Baba. Amma na gaji da tsayuwa a filin jirgi ina leƙen fuskokin matan mutane. In yau ma ba ki fito ba, ba zan ce komai ba. Zan dai daina tambaya."

Da saki ya ambata, da ta san kukan da za ta yi. Wannan kuwa ta rasa inda za ta ajiye shi.

Ta kira babban wansu, wanda gidansa ke bayan kasuwa.

"Yaya, kana hanya?"

"Ke Auta, kin san cunkoson garin nan. Gidan naku da nisa fa."

"Gidan namu? Wanda aka yanke maka cibiya a ciki?"

"Ban son rashin kunya. Shi mijin naki ba zai zo ba? Ai nan da can ne a jirgi. Ni ban iya juyin nan ba, ke ce hannunki ya saba. Albarkar ma duk ke kike kwashewa."

"To zo ka ɗebi kaɗan, Yaya. Ta yi min yawa."

Ya kashe wayar.

Ashe Baba yana ji. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya ja bakin mayafinta, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Ta... fi."

"In tafi wa zai juya ka, Baba?"

Ya runtse ido, hawaye ya gangara cikin kunnensa.

Ta dubi agogon bango. Lokaci ya yi. Ta cire takalmin tafiya, ta ɗora gwiwa a kan gado, hannu ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙugu, ta mirgino shi a hankali, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Tana shafa masa mai a baya ƙarar jirgi ta ratsa saman gidan, har gilashin taga ya girgiza.

Ta ajiye wayar kusa da ita, ta ƙure ƙararta. Har rana ta faɗi ba ta yi ringi ba.

Kai da kake cewa "Allah sarki" yanzu, riƙe abinka, an ba ta da yawa. Akwai Auta a gidanku, kuma ka san ta. Tashi ka je yau, ka naɗe hannun riga, ka ce ta koya maka juyin. Sannan ka ɗauko mata akwatinta daga bayan ƙofa.