Mai Sayar da Layi a Tashar Bawku

Motar Sakkwato ta sauke Hajiya Hawawu a Bawku ta ƙasar Gana bayan magariba. Layin wayarta ya daina aiki tun kan iyaka, ga 'yarta tana naƙuda a Yendi. Duk masu sayar da layi sun tashi, sai wani mai teburi da babu ko fitila. Ya karɓi fasfonta yana ta jujjuyawa.

"Malam, layi na zo saya. Hankalina a tashe, kana ɓata min lokaci?"

Ya ɗauke ta hoton rajistar layin da wayarsa, ya miƙo mata wayar ta gani.

Ta fizga tana huci. A hoton, ga shi tsaye a bayanta yana murmushi. Ta ɗago kai, yana nan zaune a gabanta. Sai ta ji numfashi a wuyanta.