Ranar da Kuɓewa Ta Fito Rama

Ranar Asabar, sha uku ga Afrilu na shekarar 2024, da ƙarfe goma da kwata na safe, aka fara ɓata mini suna. Na rubuta ranar da lokacin don kada wani ya ce na manta. Ba na mantuwa.

Ni ce Malama Jemimah. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare a Kafanchan. Da na yi ritaya na zo ƙasar waje, garin Greensboro, wurin ɗana. Ƙungiyarmu ta masu jin Hausa tana da gona a McLeansville, kowane gida da yankinsa. Ni ke renon iri, ni ke koya wa yara aikin gona kowace Asabar.

Cikin yaran akwai wata yarinya mai shekara sha biyu. Ba zan faɗi sunanta ba. Tana da kai, tana da sauri. Kullum cewa take, "Malama, ni magani zan riƙa haɗawa in na girma, kamar Anti Salomi." Anti Salomi 'yar ƙungiyarmu ce, a kantin magani take aiki.

Ran nan na shuka iri a kofunan roba guda casa'in. Na jera su a tebur uku. Na farko yakuwa, na biyu rama, na uku kuɓewa. Na ba yarinyar tsinkayen katako da alƙalami.

Na ce, "Da tebur ɗaya za ki fara. Ki rubuta suna, ki soke a kofi. Sai kin gama tebur za ki kai shi rumfar leda. Kin ji?"

Ta amsa da Turanci.

Na ce, "Da Hausa."

"Na ji, Malama."

Sai na fita karɓar takin da Malam Salissou ya kawo. Abin da ya faru bayan fitata, ita ta faɗa mini daga baya.

Ta ga hanyata tana cin lokaci. Ta zauna ta rubuta tsinkayen duka lokaci guda, ta cusa su a aljihun rigar sanyinta. Ta kwashe kofunan duka ta kai rumfa. Da ta gama jerawa ta sa hannu a aljihu. Tsinkayen suna nan. Ta dubi kofunan. Baƙar ƙasa ce a cikin kowanne. Babu yadda za ta gane wane ne wane.

Ta jiyo takuna. Sai ta soke tsinkayen yadda hannunta ya kai.

Na shigo na ce, "Kin gama?"

"Na gama."

"Kin duba?"

"Na duba, Malama."

Layukan sun miƙe, rubutun ya fita. Na yaba mata.

Bayan kwana tara aka yi mini aikin ido. Likita ya hana ni kusantar ƙasa da ƙura. Saboda haka ranar rabon dashe ba na nan. Ku sani, yara, yakuwa da rama da kuɓewa dangin juna ne. Suna ƙanana sai wanda ya saba zai bambance su. Mutanenmu kuwa daga wurin aiki suka biyo, kowa yana sauri. Tsinke kawai suka karanta, suka ɗauka suka dasa.

A watan Yuni gona ta fara ba mutane tsoro.

Mista Malachy, shugaban ƙungiya, kuɓewa goma ya ɗauka, don matarsa ba ta cin tuwo sai da miyar kuɓewa. Biyu kawai suka fito kuɓewa. Sauran suka miƙe sama, sirara, dogaye. Malam Salissou ya dasa rama, sai ga jan karan yakuwa yana fitowa. Kowane yanki abin da aka rubuta daban, abin da ya tsiro daban.

A ƙarshen gonar akwai tsofaffin kaburbura biyar na mutanen da suka mallaki filin a da. Sunayen da ke kan duwatsun duk sun goge. Sai mutane suka fara magana ƙasa-ƙasa.

Malam Salissou ya ce, "Ni tun farko na ce a bar wajen nan. Masu ƙasa ba su son baƙon iri."

Wata mata ta ce, "Kai kuma, Malam. Matattu ne za su tashi su canja maka rama?"

"To, Madame, ke faɗa mini wa ya canja."

Mista Malachy bai tsaya bincike ba. Bai kira ni ba. Bai tambayi yaro ko ɗaya ba. Ranar Lahadi, ashirin da uku ga Yuni, ya tura saƙo a zauren waya na ƙungiya. Ya rubuta: "Saboda shekaru da matsalar ido, Malama Jemimah ta rikita iri. Ta fara mantuwa. Kwamiti ya hutar da ita daga ajin yara."

Mutum sittin da huɗu suka karanta. Ɗana ya karɓe mini makullin mota. Ya nema mini ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa. A coci, matan da nake koya wa karatu suka koma yi mini magana a hankali, kamar da jariri.

Yarinyar ta ji duk wannan. Ta yi shiru.

A satin nan ta ɗauko rigar sanyinta za ta ajiye. Wani abu ya soke mata yatsa. Tsinke ne guda ɗaya da ya maƙale a aljihu. An rubuta "kuɓewa" da rubutunta. Ta jefa shi a kwandon shara.

Washegari ta dawo daga wasa, ta same shi a kan teburin karatunta.

Ta fita da shi, ta jefa a ciyawar bayan gida. Bayan kwana biyu ta same shi a kan matashinta, da ɗanyar ƙasa a bakinsa.

Ta karya shi biyu, ta jefa a babbar sharar titi. Ranar Juma'a ta buɗe jakarta. Gutsure biyun suna ciki, a jere.

Daga baya mamarta ta ce ita ta tsinta sau biyu, ta ɗauka kayan makaranta ne. Na ukun ban san wanda ya dawo da shi ba, kuma ba zan ƙirƙiro amsa ba.

Ranar Asabar, shida ga Yuli, da sassafe suka je gona. Farin hazo ya kwanta a ƙasa har gwiwa. Mamarta ta ce, "Je ki yankinmu ki tsinko mini ganye. Zan tsaya in haɗa tiyo."

Yankinsu yana kusa da kaburbura. Dole ta bi ta cikin ramar Mista Malachy. Ramar ta fi ta tsawo. Babu iska, amma ganyen yana motsi. Tsuntsu ko ɗaya bai yi kuka ba. Jan karan yakuwa ya jiƙe da raɓa, yana ɗiga.

Sai ta ji murya.

"Yakuwa. Rama. Kuɓewa."

Ta tsaya cak.

"Tebur na farko yakuwa. Na biyu rama. Na uku kuɓewa."

Ta ɗaga ganye ta leƙa. Ta ga wani abu fari a durƙushe kusa da duwatsun, yana shafa ƙasa da hannu.

Ni ce. Da farin mayafina. Na roƙi maƙwabciyata ta sauke ni a gonar kafin kowa ya zo. Ba na jin kunyar faɗa muku, yara: sati biyu ana ce mini na fara mantuwa, har na soma yarda.

Na ce, "Wane ne nan? Zo. Idonki ya fi nawa. Me aka rubuta a tsinken nan?"

Ta ce, "Kuɓewa."

"Me kika gani ya tsiro?"

"Rama."

"Da hannuna na shuka su. Na tuna teburin, na tuna irin. To in na tuna, me ya sa ƙasa ke cewa ƙarya nake? Ko dai da gaske kaina ya fara tafiya?"

Ta juya da gudu. Na ji ramar tana karyewa a bayanta.

Ta sami mamarta a bakin famfo. Tana ta haki.

Mamarta ta ce, "Maciji kika gani?"

"A'a."

"To mene ne? Ina ganyen?"

"Mama, ni ce. Ni na haɗa kofunan. Ba Malama ba ce."

Mamarta ta kashe ruwan. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

"Wata uku kenan. Kina gani aka karɓe mata mota."

"Na ji tsoro. Na ɗauka za a ce ba zan iya komai ba."

"Goge fuskarki. Ba ni za ki faɗa wa ba."

Ta kamo hannunta, suka zo har inda nake. Yarinyar ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Na zauna a ƙasa. Na yi fushi ƙwarai. Amma a ƙarƙashin fushin na ji wani sanyi. Kaina lafiya lau.

Na ce, "Kuskuren kofi na minti biyar ne. Da kin faɗa ran nan, da mun zubar mun sake shuka kafin azahar. Shirun da kika yi ne ya kai mu nan. Za ki iya faɗa a gaban mutane?"

Ta ce, "Zan iya."

Ta kuwa iya. Ranar taron ƙungiya ta miƙe a gaban kowa. Da Hausa ta faɗa, daga farko har ƙarshe. Ta ba ni haƙuri. Ta ba kowane gida haƙuri.

Malam Salissou ya ce, "Ashe na ɗora wa matattu laifin banza. Allah ya ba su haƙuri su ma."

Aka yi dariya. Sai Anti Salomi ta tashi.

Ta ce, "A wurin aikinmu, in ka manna sunan da ba daidai ba a kwalba, mutum na iya mutuwa. Kowa yana kuskure, har ni. Wanda ya ɓoye shi ake kora. Wanda ya zo ya ce na yi kuskure, a kira wanda aka ba maganin kafin ya sha, shi ake riƙewa." Ta dubi yarinyar. "Kin makara da wata uku. Nan gaba minti uku ma ya yi yawa."

Yarinyar ba ta tsaya a ba da haƙuri ba. Asabar huɗu ta yi tana bin gonar tsiro bayan tsiro. Ta dubi ganye, ta dubi kara, ta tambaye ni, sannan ta rubuta sabon tsinke. Ɗaya bayan ɗaya. Ta tsara yadda gidaje za su yi musayar abin da ya tsiro musu. Matar Mista Malachy ta sami kuɓewa daga gida huɗu. Zoɓon da aka yi da yakuwar bana ya isa har bikin Kirsimeti. Da aka zo ranar da makarantarsu ke barin yara su je ganin wurin aiki, Anti Salomi ta tafi da yarinyar kantinsu. Ɗana ya dawo mini da makullina, kansa a ƙasa.

Yara, ga darasin. Duk aikin da kuke so ku yi in kun girma, abu uku za su kai ku. Ku bi aiki a tsarinsa, kada sauri ya ja ku. Kada ku ce "na duba" sai kun duba. In kun yi kuskure, ku faɗa nan take, kafin ya faɗa kan wani.

Saura mutum ɗaya.

A taron nan, da yarinyar ta zauna, Mista Malachy ya ce, "To, an wuce wurin. Malama za ta koma ajinta." Shi ke nan abin da ya ce. A bakin ƙofa ya raɗa mini, "Mama, kin san ba da gangan ba ne."

Ban karɓa ba. Mista Malachy, ba a kunne ka ce na fara mantuwa ba. A gaban mutum sittin da huɗu ka rubuta, ba tare da ka tambayi kowa ba. Yarinya mai shekara sha biyu ta tsaya da ƙafarta ta gyara nata. Ina so ka rubuta a zauren nan cewa ka yi mini ƙazafi, kuma ka janye. Sannan a taro na gaba ka miƙe tsaye, ka ba ni haƙuri da babbar murya. Yaran ajina za su zauna a layin gaba.