Motar da Ba Ta Neman Ƙafar Hagu

"Wallahi Naziha ba zan sayi otomatik ba! Sau nawa zan faɗa miki?"

"Hamma, don Allah rage murya... ana kallonmu."

Abdurra'uf, wanda matarsa Naziha ke kira Hamma, ya buga tafinsa a jikin farar motar da ya zaɓa. Tun safe suke zagaya filin sayar da motoci a Jimeta, shi da matarsa, dillali Ishaku na biye da su da makullai. Motarsu ta farko ke nan tun da suka yi aure.

"Mai giya ta fi juriya, ba ta shan mai, kowane bakanike a Dubeli ya san cikinta. Ko batir ya mutu, a tura ta tashi. Ke me kika sani a mota?"

"Ban san komai ba, masoyina. Ni dai waccan shuɗiyar nake so..."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai. Dalilin yana can zaune a benci ƙarƙashin bishiya: mahaifinta, Malam Lawal, da suke kira Baaba, wanda Abdurra'uf da kansa ya roƙa ya rako su don ya san mota. Direban Mubi zuwa Yola ne a da. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi ya cika motarsa da mata da yara ya fito da su, harsashi ya same shi a ƙafar hagu. A asibitin Yola aka yanke ta daga gwiwa. Tun sannan bai sake riƙe sitiyari ba, kuma tun rasuwar mahaifiyarta yake zaune a gidan Naziha da mijinta a Damilu.

"Kin yi shiru! So kike abokaina su mayar da ni abin dariya? Otomatik ai motar mata ce da guragu!"

Ƙwas... ƙarar sanda a bayansu.

Suka juya. Baaba ne tsaye a kan sandunansa, ya taso don ya leƙa injin. Ishaku ya kawar da kai. Naziha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Gaskiyarka, ɗana," in ji tsohon yana murmushi. "Mai giya ta fi ƙwari, ita za ku ɗauka. Bari in hau Napep in riga ku gida, ranar nan ta yi mini zafi."

Ranar ba su sayi komai ba.

Gida ya zama kamar ana zaman makoki. Abdurra'uf ya daina bi ta ƙofar ɗakin Baaba, tun asuba yake sulalewa. In Naziha ta kai wa mahaifinta abinci, ba ta iya ɗaga ido.

Ran Laraba Baaba ya ce mata, "Haɗa mini kayana. Jumma'a zan koma gidan ɗan'uwana Bappanki a Alkalawa."

"Baaba! Wallahi bai san kana kusa ba..."

"Na sani, yaron kirki ne. Amma mutum yana ɓuya a gidansa saboda ni? Na yi muku nauyi, Naziha."

Da la'asar ta tare mijinta a falo, idanunta sun yi ja.

"Baaba zai tafi."

Ya dafe kai. "Da wane ido zan kalle shi? Surukina! Mutumin da ya ba ni ke, bai tambaye ni komai ba... Amma ke ma me ya sa kika nace?"

"Saboda ba ta da kuloci!" Kuka ya ƙwace mata. "Ƙafar dama kaɗai take nema. Kullum yana zaune a ƙofar gida yana bin motoci da ido, Hamma. Na ce ko sau ɗaya ya sake tuƙi kafin ya mutu..."

"Innalillahi... Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai kake ciyar da shi, kai kake kai shi asibiti. Sai kuma in ce motar da ka yi gumi a kanta ma don ubana za ka saya? Kunya ta hana ni. Ga shi kunyata ta jawo masa wadda ta fi ta."

Ya riƙe hannunta ya daɗe, yana kallon ƙasa.

Safiyar Jumma'a Baaba ya fito da jakarsa, Naziha na biye tana share hawaye. Sai ga shuɗiyar motar nan ta shigo layin tana tafiya tana cijewa. Abdurra'uf ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙasa gaban maƙwabta.

"Baaba, bakina ya cuce ni. Ka yafe mini."

"Tashi, ɗana. Babu komai."

"Ba zan tashi ba sai ka karɓa." Ya miƙa makulli da hannu biyu. "Ni ban iya ta ba. Da ƙyar na kawo ta, ƙafata ta hagu sai neman kuloci take tana danna birki."

Baaba ya daɗe yana kallon makullin. Can dariya ta kubce masa, idonsa ya ciko.

"To ni tawa ba za ta dame ni ba."

Suka taimaka masa ya zauna a kujerar direba. Ya gyara madubi, ya shafa sitiyari. Ya yi bismilla ya murza makulli, injin ya amsa a hankali.

Abdurra'uf ya kalli Naziha, karo na farko tun ranar da abin ya faru. Ta gyaɗa masa kai, hawaye na zuba, tana murmushi.

Baaba ya leƙo ta taga.

"Naziha, mayar da jakar nan ɗaki. Kai kuma shigo gaba, kada mu makara masallaci."