Awarwaron Goggo Tabawa

Tsinke ya shiga ta tsakanin haƙarƙari biyu, ta wata 'yar kafa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Na'ura ce siririya mai ido da almakashi a baki, kuma Dakta Habu Ringim, wanda ya ƙera ta, yana tuƙa ta daga hawa na sittin na asibitin Sabuwar Dutse. A kan gadon kuwa Goggo Tabawa ce, ƙanwar mahaifinsa da ta goye shi.

Wani ɗan ƙululu ne ke damunta, irin waɗanda ke zama a wuya suna daidaita sinadarin ƙashi a jini. Nata ya sauka ƙirji, ya kumbura, yana zuƙe mata ƙashi. A da sai an tsaga ƙirji. Tsinke ya fito da shi cikin minti goma sha biyu.

Habu akwai son a yaba. Ya riga ya shelanta wa duniya cewa ya kashe jinya: ba kwanciya, ba allura, ba 'yan dubiya da kwanukan kunu. Ranar aka sallami Goggo da awarwaro mai magana a hannu, wanda zai riƙa tambayarta jiki yana aika amsar asibiti. Abokan aikinsa sun so a riƙa gwada jini, don sinadarin kan faɗi warwas bayan aiki irin wannan. Habu ya ce tambaya ta isa.

Kwana uku awarwaron na cewa, "Yaya jiki?"

Goggo na cewa, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ran na huɗu da hantsi maƙwabciyarta, Iya Kande, ta same ta a tsakar gida, yatsu sun ƙandare, numfashi na sarƙewa. Da ƙyar aka ceto ta.

Iya Kande ta tare Habu a bakin ɗakin asibitin da aka kwantar da Goggo, gaban ma'aikatansa.

"Habu, kai fa a gidan Tabawa ka tashi. Tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa jin mara lafiya ya ce babu sauƙi? Ko mai shirin cikawa haka yake cewa! Ai zama ake yi kusa da mutum, a dubi idonsa."

Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Ya san wannan tun yana yawo ba wando, amma ya koya wa ƙarfe ya gaskata.

Ya koma ofis ya buɗe rahoton da ake ta ba shi lambar yabo a kansa. Mutum dubu huɗu da aka sallama da awarwaron, duk sun samu sauƙi. Ya fara kiransu a waya ɗaya bayan ɗaya.

A gida na shida wata mata ce ta ɗauka. Ta yi masa godiya sosai da ya tuna da su, ta ce ai shekaranjiya aka yi sadakar bakwai ɗin Malam, maigidanta.