Saƙon da Ya Jira a Ƙofar Gidan Baba

Tun safe Mai Sola, saurayin nan mai haɗa wutar sola, yake zarya a kantin kayan wutar nan. Ya sayi kebul ya tafi, ya dawo ya sayi soket ya tafi, ga shi kuma ya sake faɗowa yana haki, hular kwano a hannu. Auta, ƙaramar 'yar mai kantin, wadda ke tsare kanti idan Baba ya fita, ta ɗago ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

"Malam, yanzu kuma me aka manta?"

Ya buɗe baki zai faɗa, idonsa ya faɗa cikin nata, abin ya gudu daga kansa. Wannan mantuwar dai ba za a ga laifinsa ba.

"Kawo wayarka," in ji ta. "Kafin ka ƙarar da man babur ɗinka a hanyarmu."

Ta sauke masa wata manhaja ta tsara ayyuka, ta jingina da teburin kanti tana nuna masa. "Duk aikin da ka rubuta, ka ɗaura masa wuri: kasuwa, shago, gidan kwastoma. Sai ka kunna wannan maɓallin na tacewa. In kana kasuwa, aikin kasuwa kaɗai za ka gani, sauran su ɓuya. Da ka isa wuri, wayar za ta yi ƙara ta tuna maka."

"To nan fa, wane suna zan sa masa?"

"Kanti mana."

Ya juya wayar ya rubuta, ta leƙa ta gani: Wurin Haske. Ta sunkuyar da kai tana gyara kwalayen fitila waɗanda babu abin da ya same su.

Cikin 'yan makonni Mai Sola ya zama wani mutum daban. Ya daina hawa rufin gida ya tarar ya baro sukundireba a shago. Zaryar kanti dai ba ta ragu ba, sai ma abin da ya ƙaru.

"Haskena, na shigo layinku, waya ta ce in sayi batir. Zuciya kuma ta ce in tsaya in gan ki. Wa zan fara bi?"

"Sarkin Mantuwa, fara da batir. Ni ba ka taɓa manta ni ba."

Da maganar ta kai kunnen Baba, sai ya haɗe rai. Shi mutum ne da bai yarda da wasa da lokaci ba, kuma ya riga ya san Mai Sola tun zamanin zarya. Ga kuma ɗan abokinsa, Ɗan Banki, mai neman Auta shi ma, wanda in ya ce zai zo gaisuwa, agogo ma a bayansa yake isowa.

"Yaron da sai waya ta ce masa ya ci abinci?" Baba ya ce. "Wata rana zai manta yana da mata."

"Baba, wallahi ya gyaru," in ji Auta.

Umma ta sa baki, har Baba ya sassauta. Ya kira Mai Sola a kanti, ya sa masa ranar Asabar ya zo gida su gana. Sannan ya juya ga Auta. "Ke kuma ban yarda ki tuna masa ba. Ko da tari."

Mai Sola ya fita kamar zai tashi sama don murna. A bakin kanti ya rubuta: Je ka gaida Baba. Ya ɗaura masa wuri yadda aka koya masa, wato gidan su Auta, ya mayar da waya aljihu hankali kwance. Bai tsaya ya yi tunanin cewa aikin da aka ɗaura wa wuri ba ya fitowa sai an isa wurin ba.

Asabar ta zo. Umma ta shimfiɗa sabuwar dardumar falo, Auta ta canza mayafi ta sake canzawa. Mai Sola kuwa yana can kan rufin wata makaranta a bayan gari yana ɗaure farantan sola, yana waƙa. A ransa Asabar ta sama ce, ai da yau ce da waya ta faɗa. Baba ya zauna har rana ta yi sanyi, sannan ya miƙe ya ce, "Ɗan Banki dai ba a jiransa."

Washegari saƙon Auta ya shigo.

"Jiya Baba ya jira ka, ni ma na jira ka. Na yi ta kare ka, ashe ni ce ban san matsayina ba. Kada ka kira ni."

Yadda ya hau babur ɗin nan, Allah ne kaɗai ya tsare. Ya isa ƙofar gidan ya tarar da Baba zaune a kujerarsa, Auta na leƙe ta bayan labule da jajayen idanu. Ya durƙusa, bai kai ga buɗe baki ba, wayar ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

"Ɗauka mana," in ji Baba. "Ai ubangidanka ne ke kira."

Ya ciro ta. Baba ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta a fili: "Je ka gaida Baba."

Daga bayan labule Auta ta saki salati. "Sarkin Mantuwa! Aikin zuwa wuri ka ɗaura wa wurin da za ka je? Ai rana ake sa masa!" Tana faɗa, tana kuka, tana dariya, duk a lokaci guda.

Baba bai yi dariya ba, ƙasan allon wayar ya ci gaba da dubawa. Akwai sauran ayyuka da aka ɗaura wa gidan: makunnin falo yana tartsatsi, fankar ɗakin Umma tana ƙara, ƙafar kujerar Baba tana rawa. Duk ƙorafin da Auta ta taɓa yi cikin hira, ya ajiye shi yana jiran ranar da za a ba shi izinin shiga. Baba ya ɗan motsa, kujerar ta yi rawa.

"Baba, a yi haƙuri, a ƙara min dama."

"Zan sake sa maka rana. Laraba. Amma ba za ka rubuta a waya ba, a kanka za ka riƙe."

Mai Sola ya san kansa sarai. Don haka Litinin da safe sai ga shi da jakar kayan aiki, ya gaida Baba, ya gyara makunni. Talata ya zo ya gyara fanka. Laraba ya zo. Alhamis ma ya zo, don kada ya zamana ya yi kuskuren lissafi. Ya ɗaure ƙafar kujera, ya canza fitilar ƙofa, har Umma ta fara ajiye masa kwanonsa.

Ran nan Baba ya kira Umma gefe. "Ki ce ya turo manyansa. A ba shi auren nan kafin ya tare mana a gida."

Guɗar Umma sai da maƙwabta suka leƙo.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Ɗan Banki, Allah ya ba shi nasa rabon, shi ya fara isowa wurin. Ango bai makara ba. Baba ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai tuna alkawari."

Ranar da ya fara komawa aiki, ya dawo da yamma ya tsayar da babur a ƙofar sabon gidansu, wayar ta yi ƙara. Shi dai ya san bai ɗaura wa nan komai ba. Ya duba, aiki ɗaya ne tak, kuma ba shi ya rubuta ba.

"Ka iso gida, Sarkin Mantuwa. Ajiye wayar, a nan ni zan riƙa tuna maka."